Me ya sa gajeren zango ke kawo murya daga Landan, FM kuwa ba ta ƙetare jiha?

Wani mai sauraro ya aiko da tambaya mai rassa uku. Ya ce tun tasowarsa yake ganin mahaifinsa da ƙaramar rediyo mai batir biyu, yana kamo Landan da Jamus da Amurka a ƙauyensu, alhali tashar FM da ke babban birnin jiharsu, wadda ba ta wuce tafiyar awa uku a mota ba, ba ta shiga ko kaɗan. Yana so ya san dalilin haka, da dalilin da ya sa wasu tashoshi ke fitowa ras da dare su ɓace da rana, da kuma abin da masu gabatar da shiri ke nufi idan sun ce a kama su a kan mita 16 da 19 da 25.

Malam, rassan nan uku tushensu ɗaya ne, kuma tushen yana cikin reshe na ƙarshe. Mitar da kake jin ana faɗa awo ne na gaske, irin wanda tela ke yi wa yadi, kuma tsawon nan shi ne yake yanke hukuncin hanyar da saƙon tasha zai bi: ko ya bi doron ƙasa, ko ya hau sama ya dawo, ko ya huda sama ya wuce ba dawowa. Sai dai kafin mu kai can dole mu raba abubuwa biyu da mutane da yawa ke haɗawa, wato sauti da igiyar rediyo.

Igiya, a ilmin kimiyyar fiziks, motsi ne da ke tafiya daga wuri zuwa wuri ba tare da abin da ke motsin ya bar mazauninsa ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar gero da ta yi kai, iska na kaɗawa, ya ga yadda ranƙwafawa ke ratsa gonar daga wannan gefe zuwa wancan, alhali kowane kara yana nan a kan tushensa. Kowace igiya tana da awo uku: tsawon zangonta, wato tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da tudun da ke bin sa, yawan kaɗawarta, wato tudu nawa ke wucewa a sakan guda, wanda ake aunawa da haz, sai kuma saurin tafiyarta. Awon nan uku a ɗaure suke da juna, domin idan ka ninka tsawon zango da yawan kaɗawa, sauri za ka samu. Saboda haka muddin saurin bai canza ba, duk lokacin da kaɗawa ta yawaita zango zai gajarta.

Sauti igiya ce ta matsewa da sakewar iska. Idan makaɗi ya doki fatar ganga, fatar tana tura iskar da ke jikinta, ita ma ta tura ta gaba da ita, har turin ya iso dodon kunne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga kimanin haz 20 zuwa haz 20,000, kuma iyakar ta sama tana raguwa da shekaru. A iska mai sanyin digiri 20 sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, a zafin bazara kuwa yakan kai mita 350 ko ya ɗan haura. A cikin ruwa yana kusan mita 1,500, a cikin ƙarfe kuma ya kai wajen mita 5,000. Inda babu iska ko ruwa ko wani abin da za a tura, kamar sararin da ke tsakaninmu da wata, babu sauti sam. Wannan saurin ba wani abin kirki ba ne, kuma ido yana iya kama shi. Idan ka hango mace tana daka daga nisan mita ɗari uku, za ka ga taɓarya ta sauka, har ta fara ɗagowa, sannan ƙarar dukan ta iso maka. Haka tsawa ke biyo bayan walƙiya, kuma kowane sakan uku da ka ƙirga tsakaninsu yana nufin kusan kilomita guda na nisa.

Tsakanin Landan da Kano akwai kimanin kilomita 4,400. Da a ce muryar mai karanta labarai ce da kanta ke zuwa, da sai ta yi kusan awa uku da rabi a hanya, kuma ba za ta iso ba, domin iska tana shanye ƙarfin sauti yayin da yake bazuwa. Tarihi ya riƙe ƙarar da ta yi irin wannan tafiya: fashewar dutsen Karakatawu na ƙasar Indunusiya a ranar 27 ga Agusta 1883, wadda aka ji a tsibirin Rodirigis, nisan kusan kilomita 4,800, bayan kimanin awa huɗu. Dutse ne ya tarwatse kafin a sami hakan. Muryar ɗan'adam tana ƙarewa ne a bakin makirfo, inda ake mayar da kaɗawarta ta zama hawa da saukar wutar lantarki, kuma abin da kake ji a ƙauye sabon sauti ne da lasifikar rediyonka ta ƙirƙira bisa kwatancen na asali.

Abin da ke ɗauko kwatancen ɗan'uwan haske ne. A shekarar 1865 wani masani ɗan Sukotlan, James Clerk Maxwell, ya nuna da lissafi cewa idan ƙarfin lantarki yana canzawa yakan haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi ma idan yana canzawa ya haifar da na lantarki, ta yadda su biyun za su riƙa haifar juna suna tafiya, ba tare da buƙatar iska ko waya ba. Da ya lissafa saurin wannan tafiya sai ya ga ya yi daidai da saurin haske da aka riga aka auna, sai ya yanke cewa haske kansa irin wannan igiya ne, kuma dole akwai wasu irinta da ido ba ya gani. Maxwell ya rasu a 1879 bai ga tabbacin maganarsa ba. Bajamushe Heinrich Hertz ne ya samar da igiyoyin a ɗakin gwajinsa da ke Karlsruhe a 1887 da 1888, ya auna zangonsu, ya nuna suna dawowa idan sun doki ƙarfe kamar yadda haske ke yi, kuma sunansa aka sa wa ma'aunin kaɗawa. Saurin wannan iyali gaba ɗaya a sarari mita 299,792,458 ne a sakan, wanda muke taƙaitawa da kilomita 300,000. Tafiyar da sauti zai yi cikin awa uku da rabi, igiyar rediyo tana yin ta cikin ƙasa da kashi biyu bisa ɗari na sakan guda.

Yanzu lissafin mita ya zo da sauƙi. Kilohaz ɗaya haz dubu ne, megahaz ɗaya kuma haz miliyan. Ka raba 300 da yawan megahaz na tasha, abin da ya fito shi ne tsawon zangonta a mita. Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya daɗe yana watsa shirye-shiryen Hausa a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09, kuma idan ka raba za ka sami mita 49 da 'yan kai. Mita 16 tana wajen megahaz 17.5 zuwa 17.9, mita 19 tana wajen 15, mita 25 wajen 11.8, mita 31 wajen 9.6, mita 41 kuma wajen 7.3. Matsakaicin zango yana tsakanin kilohaz 530 da 1,600, inda igiya ɗaya ke kai tsawon mita 190 zuwa sama da 500. FM tana tsakanin megahaz 87.5 da 108, kuma zangonta kusan mita uku ne kacal. A nan akwai ruɗani da ya kamata a warware, domin idan mai gabatarwa a tashar FM ya ce suna kan mita 99.5, megahaz yake nufi, kuma tashar tasa ta fi duk tashoshin gajeren zango gajartar zango. Sunan ya samo asali ne tun zamanin da dogayen zanguna kaɗai ake amfani da su, lokacin da mita 50 ta zama gajeriya idan aka gwada ta da mita 1,500.

Tsawon zangon yana bayyana har a jikin rediyon mahaifinka. Eriyar ƙarfen da ake zarowa takan kai kusan santimita 75, wato rubu'in mita uku, kuma wannan shi ne tsawon da ya fi dacewa da FM. Matsakaicin zango ya yi wa kowace eriyar hannu tsawo, saboda haka aka sa masa wata sanda baƙa a cikin akwatin, an nannaɗe ta da siririyar waya, wadda ke kama ɓangaren maganaɗisu na igiyar. Shi ya sa idan kana sauraron matsakaicin zango zaro eriya ba ya ƙara komai, amma juya rediyon gaba ɗaya yakan ƙara murya ko ya kashe ta.

Ana ɗora murya a kan igiyar ta hanya biyu. A gajere da matsakaicin zango ana sa ƙarfin igiyar ya riƙa hawa da sauka bisa muryar, wannan shi ne AM. A FM, wadda Ba'amurke Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, ƙarfin yana nan daram, yawan kaɗawar ne ke ɗan ƙaruwa da raguwa. Walƙiya da tartsatsin inji suna ƙara wa igiya ƙarfi ne ba zato, saboda haka AM tana mayar da su ƙara a kunne, FM kuwa tana watsi da su. Ga shi kuma an ba kowace tashar FM fili mai faɗin kusan kilohaz 200, alhali tashar gajeren zango ba ta samun fiye da 10, wanda ya isa magana amma bai isa ya fito da duk zaƙin kiɗa ba. Amma ka lura cewa wannan bambanci na tsabtar murya ne kawai. Nisan da tasha ke kaiwa ba ruwansa da AM ko FM, yana bin tsawon zango.

Igiyar mita uku tana tafiya kusan a miƙe, ƙasa kuwa a lanƙwashe take. Akwai lissafi mai sauƙi da injiniyoyi ke yi: nisan da eriya ke iya hange, a kilomita, ya kai kusan huɗu a ninka da saiwar tsayinta a mita, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayin. Turke mai tsayin mita 100 yana hangen kimanin kilomita 40. Idan aka ƙara tsayin wurin mai sauraro, da ƙarfin na'urar watsawa, da ɗan lanƙwasar da igiya ke yi a gefen tudu, babbar tasha takan kai kilomita 80 ko 100, wani lokaci fiye idan tana kan tsauni. Domin ta hangi ƙauyen da ke nisan kilomita 200 kai tsaye, sai an gina mata turke mai tsayin sama da kilomita biyu, kusan ninki uku na ginin da ya fi kowane tsayi a duniya, wanda ke Dubai mai mita 828. Saƙon tashar jiharku yana wucewa ne ta saman kanku, can nesa, ya nufi sararin samaniya. Ƙara wa na'urar ƙarfi ba ya gyara wannan sai kaɗan.

To, idan haka ne, ta yaya wata igiya ke ƙetare teku da hamada? Masana da kansu sun yi shekara ashirin da wani abu suna wannan tambaya. Guglielmo Marconi ya ba da sanarwar cewa a ranar 12 ga Disamba 1901 ya ji sigina a Niyufanlan da ke gabashin Kanada ta yau, wadda aka aiko daga Poldhu a kudu maso yammacin Ingila, nisan kusan kilomita 3,500. Lissafin lanƙwasar ƙasa bai yarda da hakan ba. A 1902 mutum biyu, Arthur Kennelly a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila, kowanne a nasa ɓangaren, suka kawo shawarar cewa akwai wani rufi mai ɗauke da cajin lantarki a can saman iska wanda ke dawo da igiyoyin ƙasa. Ba a tabbatar ba sai a Disamba 1924, lokacin da Edward Appleton da ɗalibinsa Miles Barnett suka yi amfani da na'urar watsa shiri ta BBC da ke Bournemouth, suna saurare daga Oxford, suka auna tsayin rufin a wajen kilomita 100. Appleton ya sami kyautar Nobel a 1947. Akwai wani ɓangare na labarin da nake ganin ya cancanci a riƙa faɗa. Dokar Amurka ta 1912 ta kora masu rediyon sha'awa zuwa zangunan da ba su kai mita 200 ba, bisa zaton cewa ba su da amfani, kuma waɗannan mutane ne a Nuwamba 1923 suka yi magana tsakanin Faransa da Amurka a kan zangon kusan mita 100 da ƙananan na'urori. Manyan kamfanoni sun biyo bayansu ne.

Rufin nan, wanda ake kira ayonosfiya, rana ce ke gina shi kullum. Daga tsayin kilomita 60 zuwa sama, hasken rana mai tsananin ƙarfi, wanda iskar ƙasa ke tare mana, yana dukan ƙwayoyin iska yana fizge musu elektiron, wato ƙananan ɓarɓashin da ke ɗauke da cajin lantarki. Elektiron da ya kuɓuta abu ne marar nauyi ƙwarai, saboda haka idan igiyar rediyo ta iso sai ya shiga rawa da kaɗawarta, kuma rawar miliyoyinsu tana canza yadda igiyar ke tafiya. Gefen igiyar da ya fi shiga cikin yawan elektiron yana riga ɗayan gefen gaba, sai hanyarta ta lanƙwashe a hankali, har ta juyo ta fuskanci ƙasa. Ƙarfin lanƙwasawar yana ƙaruwa da yawan elektiron, yana raguwa sosai idan kaɗawar igiyar ta yawaita. Igiyar megahaz 10 ana iya juyo da ita, ta megahaz 100 kuwa tana kaɗawa da saurin da elektiron ba sa iya yi mata tasiri mai yawa, sai ta huda ta wuce. Iyakar takan tsaya a wajen megahaz 30, tana hawa da sauka bisa lokaci, kuma wannan ne dalilin da ya sa gajeren zango ya ƙare a mita 10.

Rufin hawa-hawa ne, kuma amsar tambayarka ta dare da rana tana cikin bambancin hawa na ƙasa da na sama. Hawan ƙasa, wanda ake kira D, yana tsakanin kilomita 60 da 90, inda iska ke da sauran kauri. Elektiron da ya fara rawa a nan ba ya daɗewa sai ya yi karo da ƙwayar iska, ya zubar da ƙarfin da ya karɓa ya zama zafi. Saboda haka hawan D ba ya dawo da komai, shanyewa yake yi, kuma ya fi shanye igiyoyi masu jinkirin kaɗawa: idan ka rage kaɗawa da rabi, asarar takan kusan ninka huɗu. Hawan E yana wajen kilomita 90 zuwa 150, hawan F kuma daga nan zuwa sama da kilomita 400, kuma shi ne babban mai dawo da gajeren zango. Da rana ta faɗi, a hawan D mai kaurin iska elektiron suna komawa ga ƙwayoyinsu nan da nan, sai hawan ya watse. A hawan F kuwa iska ta yi siriri har elektiron yakan daɗe bai haɗu da abokin haɗuwa ba, sai hawan ya kwana, ko da yake yana raguwa har zuwa asuba.

Daga nan sai ka ga yadda jadawalin tashoshi ya fito. Da tsakar rana mita 41 da 49 suna mutuwa a hawan D idan tafiyar mai nisa ce, amma mita 16 da 19 suna ratsa shi da ɗan asara, su tarar da hawan F cike da ƙarfi ya dawo da su. Cikin dare mai shanyewar ya tafi, sai mita 31 da 41 da 49 su buɗe, amma hawan F ya yi rauni har mita 16 tana iya huda shi ta ɓace. Mita 25 da 31 sukan yi aiki a tsakani, da safe da magariba. Shi ya sa shirin asuba da shirin rana na tasha ɗaya ba sa zuwa a wuri ɗaya a kan allon rediyo, kuma shi ya sa ake faɗin mita biyu ko uku a kowane shiri, domin idan ɗaya ta ƙi wata ta yi. Matsakaicin zango ya fi kowa nuna wannan hali, domin da rana iyakarsa abin da ya bi doron ƙasa, da dare kuwa sai ka ji tashoshin Larabci da Faransanci daga ƙasashe masu nisa sun cika allon suna hawa kan juna.

Tsalle ɗaya daga hawan F yana iya kai wa kusan kilomita 4,000, kuma ƙasa, musamman ruwan teku, tana iya sake tura igiyar sama ta yi tsalle na biyu da na uku, kowanne da asararsa. Akwai kuma wani abin mamaki: igiyar da ta hau a tsaye ta fi wuyar juyowa fiye da wadda ta hau a karkace, saboda haka a kewayen na'urar watsawa akwai yankin da saƙon ke tsallakewa. Mutum mai nisan kilomita 300 yana iya rasa tashar da mai nisan kilomita 2,000 ke ji sarai. Manyan gidajen rediyo sun san wannan lissafi, don haka suka kafa na'urorinsu a nisan tsalle ɗaya ko biyu daga masu sauraro. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, amma yawancin abin da mahaifinka ya ji bai taso daga waɗannan birane kai tsaye ba. BBC ta buɗe tasharta a tsibirin Asenshan da ke tsakiyar tekun Atlantika ta kudu a 1966, nisan sama da kilomita 3,000 daga Kano, Jamusawa sun yi shekaru suna watsawa daga Kigali har zuwa 2015, Amurkawa kuma daga tsibirin Sawo Tome.

Hawa da saukar murya da kowane mai gajeren zango ya sani, inda magana ke cika ɗaki sannan ta janye kamar za ta ɓace, ita ma halin igiya ce. Saƙon yakan iso ta hanya biyu ko fiye, wani da tsalle ɗaya wani da biyu. Idan tudun wannan ya faɗo daidai da tudun wancan sai su haɗa ƙarfi, idan kuma tudu ya faɗo a kan kwari sai su kashe juna. Da yake rufin yana motsi koyaushe, bambancin tsawon hanyoyin yana canzawa, kuma canjin rabin zango, wato mita takwas kacal a kan mita 16, ya isa ya mayar da ƙarfi rauni. Ƙarar ƙaraf-ƙaraf ta damina kuwa walƙiya ce, domin kowace walƙiya na'urar watsa igiyar rediyo ce mai ƙarfin gaske, kuma kana iya jin ta hadarin da ke nisan ɗaruruwan kilomita. Yawan tsawa a ƙasashe masu zafi yana cikin dalilan da suka sa aka keɓe musu mita 120 da 90 da 60 don watsa shiri a cikin gida.

Rana kanta tana da zagaye na kimanin shekara 11, inda tabon da ke fuskarta ke yawaita ya ragu. A shekarun yawaita rufin yana ƙara ƙarfi, mita 13 da 16 su yi kyau, a shekarun raguwa kuma tashoshi su koma dogayen mitoci. Zagayen da muke ciki ya fara a Disamba 2019. Wani lokaci rana takan yi aman wuta, haskensa ya iso cikin minti takwas da 'yan sakan, ya cika hawan D da elektiron, sai gajeren zango ya yi tsit a duk ɓangaren duniya da ke da rana, na wasu mintuna ko awa guda. Wanda ya gamu da haka yakan zaci rediyonsa ce ta lalace. Ƙasarmu kuma tana da nata hali na musamman, domin layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, kuma a irin wannan yanki rufin yakan hargitse bayan magariba, ya sa murya rawa da sauri, har ya taɓa daidaiton na'urar GPS.

Idan muka ci gaba da gajarta zango daga FM, za mu ratsa sauran iyalin, kuma ƙa'ida guda ce ke bin su: igiya ba ta damuwa da abin da ya fi zangonta ƙanƙanta sosai, amma abin da ya kusa girmanta yana warwatsa ta ko ya shanye ta. Wayar salula ta GSM, wadda ta shigo Najeriya a 2001 a kan megahaz 900 da 1,800, zangonta santimita 33 da 17 ne, shi ya sa take buƙatar turke a kowace unguwa. Farantin dish yana karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 35,786, a zangon kusan santimita biyu da rabi, wanda aka zaɓa domin yana huda rufin sama ba gardama, amma ɗigon ruwan sama mai girman 'yan milimita yana taɓa shi, saboda haka hoto yakan ɗauke idan an kece da ruwa. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ƙwayoyinta 'yan kashi dubu ne na milimita, girman da ya kusa zangon hasken da ido ke gani, don haka take dushe rana ta hana jirgin sama sauka, alhali igiyar mita 25 tana wucewa ta cikinta kamar babu komai. Hasken ido kansa ɗan tsagi ne ƙanƙane, daga ja mai nanomita 700 zuwa shuɗi mai duhu mai nanomita 400, kuma nanomita kashi ɗaya ce bisa miliyan na milimita. Gab da ja akwai hasken zafi da William Herschel ya gano a 1800 da ma'aunin zafi, wanda rimot ɗin talabijin ke aiki da shi. Bayan shuɗi akwai ultarabayolet da Johann Ritter ya gano a 1801, sai hasken hoton ƙashi na Wilhelm Röntgen a 1895, sai hasken da ake kira gama, mafi gajeren zango a cikinsu. Ultarabayolet mai tsanani da hasken Röntgen da ke fitowa daga rana su ne masu fizge elektiron a sama, wato ƙarshen iyalin mafi gajeren zango shi ke gina rufin da ɗaya ƙarshen ke amfani da shi. Wannan iya fizgewa ita ce kuma ta sa ake taƙaita yawan hoton ƙashi a asibiti. Ƙunshin ƙarfi ɗaya na igiyar wayar salula ya gaza na hasken ido sau kusan dubu ɗari biyar, bai isa ya fizge elektiron ba, kuma tasirinsa da aka tabbatar a jiki ɗumamawa ne, wanda ke zama haɗari ga ma'aikacin da ya hau turke ya tsaya gab da eriya mai aiki.

A ra'ayina kuskure ne a ɗauki gajeren zango a matsayin abin da zamani ya wuce. FM da wayar salula da intanet duk suna buƙatar turke ko waya a kusa da kai, kuma abin da ke kusa ana iya kashe shi, ko wuta ta ɗauke masa, ko a ƙi ginawa tun farko. Lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara a Satumba 2021, rediyo mai batir ta ci gaba da aiki. Makiyayi a dajin da babu sabis da manomi a ƙauyen da ke bayan lanƙwasar ƙasa ba su da wata hanya mai arha kamar wannan, kuma kowace tasha da ta rage sa'o'inta a gajeren zango su ta fara yankewa.

Abin da ya fi lalata sauraro a yau ba daga sama yake zuwa ba, daga cikin gida yake. Cajar waya mai arha, da ƙwan fitila na LED, da inbatar sola, duk suna kunna wuta da kashewa sau dubbai a sakan, kuma suna fitar da ƙara a daidai zangunan da ake sauraro. Idan rediyon mahaifinka ta fara huci, a fara da cire waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ko a fita da ita tsakar gida a kan batir. Siririyar waya mai tsawon mita biyar zuwa goma, a rataye ta nesa da wayoyin lantarki a ɗaura bakinta a jikin eriya, tana ƙara wa gajeren zango ƙarfi sosai, amma a kwance ta da zarar hadari ya taso, domin waya mai tsawo a sarari tana iya jawo tsawa. Da rana a nemi tasha a mita 16 da 19, da safe da magariba a mita 25 da 31, cikin dare kuma a mita 41 da 49. FM ta babban birni kuwa sai an ɗaga mata eriya a kan dogon gora ko rufin ɗaki, a fuskantar da ita garin, kuma idan nisan ya kai kilomita 200 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko hakan ba lalle ya wadatar ba sai tashar ta kafa ƙaramar na'urar maimaitawa a kusa da ku.